Shekaru Ɗarin Da Aka Tsallake

A bencin mai gyaran waya, wani tela ya hango hoton jirgin sararin samaniya a rigar saurayin da ke gefensa.

"Kai ma kana bin fim ɗin nan?"

"Sosai, Baba. Amma ni abin da ke cina shi ne shekaru ɗarin da suka tsallake, daga tashin jirgin zuwa saukarsa a sabuwar duniya."

Tela ya gyara zama. "Ai yunwa ce ta raba mutanen jirgin gida biyu. Tun zamanin kaset na gano haka. Ina ɗinki ina ba 'yata labarin."

"A'a, na'urar jirgin ce ta yi musu juyin mulki. Har bidiyo na yi a kai, mutane suka yi ta yaɗawa."

"Na'ura! Ku komai na'ura. Lokacin da aka fara fim ɗin nan ko haifarka ba a yi ba."

"Allah ya ba ka haƙuri, Baba, ra'ayi ne."

"Tsaya tukuna. Wannan muryar... kai ne mai fara bidiyo da 'Ku biyo ni cikin duhu'?"

"Ni ne! Ashe kana kallona?"

Tela ya ja tsaki, ya kau da kai.

"Allah ya sawwaƙe. 'Yata ce ke kallonka. A da ita ke roƙona in ci gaba da labarin. Yanzu ina buɗe baki sai ta ce, 'Baba, ba haka aka yi ba,' ta kunna min muryarka a shagona."