Matar da Ta Daina Kiran Sunana

Ina gaishe ku 'yan'uwa a cikin sunan Yesu Almasihu. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Rifkatu. Ni ce mai zama a bencin baya kusa da taga. Fasto ya ce in tsaya gabanku in ba da shaida, na kasa, sai ya ce to in rubuta.

A da muna wani ƙauye kusa da Gandi, Babana yana noman gero da albasa. Da 'yan bindiga suka shigo, muka gudo Rabah. Ko ƙwarzane ban yi ba, amma harshena ya yi nauyi. In babur ya wuce sai in firgita, in ɗauka su ne. Karatuna ya tsaya a aji huɗu na sakandare, domin gonar da ke ɗauke da shi ta zama ta daji. Addu'a ma na bari, in ana yi sai in rufe ido kawai.

Maƙwabciyarmu Goggo Dije ce, Bafulatana mai sayar da nono. Ita ma gudowa ta yi, kuma zazzaɓi ya ɗauke 'yarta ta fari a hanya. Ƙaramin ɗanta Bello kaɗai ya rage mata.

Wata rana na ga ta haɗa wa Bello maganin safe da na yamma za ta ba shi lokaci guda, don rubutun asibiti bai ce mata komai ba. Na kasa magana. Na karɓi takardun maganin, na zana zakara a kan na safe, na zana saniya a kan na yamma, lokacin da shanu ke dawowa.

Ta duba, ta tuntsire da dariya. "Ribkatu, wagga saniya taki ai akuya ta mai ciki!"

Bello ya warke. Daga nan matan unguwa suka riƙa kawo mini magungunansu ina zanawa.

Sai kuma Goggo ta canza. Ta daina kiran sunana, sai dai "ke wagga". In mun haɗu ta kau da ido. In za ta ba ni nono, ta hannun Mamana take bi. Na ce a raina an zuga ta ne ta rabu da 'yar Kirista. Na yi kuka sosai.

A lokacin ne Fasto ya sanar cewa wata ƙungiya tana ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan tsiraru masu yi wa jama'arsu hidima. Sharaɗin shi ne wani wanda ba dangi ba, ba kuma ɗan coci ba, ya zo da ƙafarsa ya ba da shaida. Mamana ta faɗa wa Goggo wajen sayen nono. Goggo ta ci gaba da aunawa kamar ba ta ji ba.

Ranar Asabar ina sharar coci ni kaɗai, sai na durƙusa da tsintsiya a hannu. Na ce, "Ubangiji, ba ni da baki, wadda nake sa rai kuma ta juya mini baya. In kana so in koma makaranta, kai za ka yi magana."

'Yan'uwa, da ƙarfi maganar ta fito! Na ji muryata tana dawowa daga rufin kwano. Nauyin da ke ƙirjina ya sauka.

Ranar tantancewa aka jera benci ƙarƙashin dogon yaro. Mutum biyu suka zo daga Sakkwato, wata mata baƙuwa da wani dattijo. Kowane ɗalibi da mai shaidarsa, wani hedimasta, wani mai unguwa. Aka kira ni.

Matar ta ce, "Ina mai shaidarki?"

Na sunkuyar da kai ina kallon tururuwa. Sai na ji ƙarar mundaye. Goggo ce, ƙwaryar nono a ka, ranar kasuwa guda ta baro kasuwa! Matan unguwa na biye da ita, kowace riƙe da takardar magani mai zane.

Baƙuwar ta ce, "Mama, wa kika zo yi wa shaida? Faɗi sunanta."

Goggo ta sauke ƙwarya. "Ba ni hwaɗi."

"Ba ki san ta ba ke nan?"

"Wanda bai san ta ba shi ka kiran sunanta kamar mai tallan goro."

Dattijon ya ajiye biro ya dube ta. "Goggo, mi ta zame miki?"

"Haba Malam, kai ma ɗan ƙasag ga na. Ka taɓa jin uwa ta kira sunan ɗiyatta ta hwari? Allah ya amshi tawa bisa hanya, ya aje min wagga bakin ƙohwa."

Dattijon ya juya yana yi wa abokiyar aikinsa bayanin alkunya: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yabonsa gaban mutane. Ashe abin da na ɗauka ƙiyayya, 'ya aka mai da ni ban sani ba!

Sai Inna Asabe mai ƙosai ta ɗaga murya daga baya. "Sunanta Ribkatu, ni ban da kunyar kowa! Ku rubuta. Kuma ku maido muna ita, kak ku riƙe ta Sakkwato."

Kowa ya yi dariya, ni hawaye nake. Dattijon ya tambaye ni ko zan dawo in na gama. Gaban duk jama'ar nan na ɗaga kai na ce, "Zan dawo, Baba. Aikin jinya nake so."

Halleluya! An ɗauke ni. Yanzu ina makarantar kwana.

Ranar da zan tafi Goggo ba ta raka ni tasha ba. Ta aiko da man shanu a kwalba, ta tsaya jikin danga ta ba mota baya har muka wuce. Na ga kafaɗunta suna rawa.

Na gode wa Yesu da ya buɗe bakina, ya kuma tayar mini da shaida daga inda na riga na fid da rai. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana ganin an juya maka baya, kada ka yi saurin yanke hukunci. Ka durƙusa ka faɗa masa, ko da muryarka na rawa. Yana ji.

Amin.