An Shafe Sunayenmu a Bangon Kwaleji

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da aiki. Ni ne Malam Abdu, tsohon malamin firamare, daga Gobarau.

Raina a ɓace yake. A kwalejin horon malamai da na yi a nan Katsina, duk wanda ya gama yakan rubuta sunansa da hannunsa a bangon ɗakin cin abinci. 'Yan ajinmu duk sun rasu, ni kaɗai na rage. Ranar Asabar na dogara sandata na je taron tsofaffin ɗalibai, don in ga rubutun abokaina. Sai na tarar an shafe bangon da farin fenti, an jera hotunan gwamnoni da ministocin da suka yi makarantar.

Na ce wa shugaban taron, "Alhaji, ina sunayenmu?"

Ya ce, "Haba Baba, bango ai na fitattu ne."

Na ce, "Wancan mai babbar riga na tsakiya, wa ya koya masa baƙi da wasali? Marigayi Malam Lawal ne, abokina, wanda ya ƙare rayuwarsa a makarantar ƙauye!"

Ya yi dariya, ya miƙo mini lemo. Lemo na zo sha?

Sunayen nan suna nan a kaina, amma idona ya raunana, hannuna yana rawa. Jama'a, wa zan kai wa kuka? In kuma akwai ɗan ɗaya daga cikinsu da ke saurare, ya zo da biro da takarda, tun ina iya tunawa.