Sunaye Ne Kawai Suka Iso

Doose: Halo? Sharfa? Sharfaddeen?

Sharfaddeen: Na'am. Wa ke magana?

Doose: Doose ce, yayar Terngu. Wayar maƙwabta na ara, tawa ba sabis a ƙauyen nan.

Sharfaddeen: Anti Doose, ina wuni? An je gida lafiya?

Doose: Lafiya. Ya unguwarku Bukan Sidi, ya su Hajiyarka?

Sharfaddeen: Suna nan ƙalau. Ya ƙarin haƙurinmu?

Doose: Da godiya.

Sharfaddeen: Mama fa? Tana cin abinci?

Doose: Kaɗan-kaɗan. Ta ce in gaishe ka. Garmarsa da ka kawo ta rataye a ɗaki, ba mai taɓawa. Kai fa, kana fita kasuwa?

Sharfaddeen: Ina fita. Sai dai duk babur ɗin da ya tsaya da lodin doya daga Kwandere, sai na ɗaga kai. Yau kwana arba'in da uku da binne Terngu, wuyana bai daina juyawa ba.

Doose: Allah ya sanyaya mana. Sharfa, a kan imel ɗin nan na kira, na waƙoƙinsa da ka ɗauka a wayarka. Sati uku yana zaune, in na kai hannu sai in fasa. Na ce sai na zo gida mu ji tare da Mama. Tun daga Fatakwal na ɗauko kwamfuta.

Sharfaddeen: Kun ji shi?

Doose: Ya ƙi.

Sharfaddeen: Ya yi me? Layin na yankewa.

Doose: Na ce ya ƙi. In na danna, rubutu kawai ke fitowa, ɗaya zuwa sha ɗaya. Ba sauti. Ya ka tura shi?

Sharfaddeen: Yadda kika ce. Na jera su wuri ɗaya a inda nake jin waƙa, na sa wa jerin sunansa. Na danna turawa, na zaɓi imel, na kwafi adireshinki harafi-harafi. Kafin in ƙifta ido ya tafi.

Doose: Sauti goma sha ɗaya, da sabis ɗin Lafia, kafin ka ƙifta ido?

Sharfaddeen: Na ɗauka Allah ne ya sauƙaƙa masa tafiyar.

Doose: Ai jerin kawai ka turo. Kamar ka aiko min takardar lodi, doyar tana nan a rumbu. Ba komai. Yanzu ka shiga, ka turo su ɗaya bayan ɗaya, zan nuna maka. Halo? Kana jina?

Sharfaddeen: Ina ji.

Doose: To buɗe mana.

Sharfaddeen: Anti, babu su.

Doose: Babu me?

Sharfaddeen: Na share.

Doose: Sake faɗa, akwai iska a nan.

Sharfaddeen: Kin ji daidai. Yadda aka koya mana, kayan mamaci na magada ne, ko allura ba a riƙewa. Na kai garma, na kai hular kwano, na kai takalmin robarsa. Muryar ce ta rage a hannuna. Ni aboki ne, ba magaji ba. Da na ga an rubuta ya tafi, na ce amana ta isa gidanta.

Doose: Sharfa, murya ba garma ba ce. Da ka riƙe, ni ma na riƙe, ba wanda ya rage wa wani.

Sharfaddeen: Yanzu na sani. Kuma gaskiya ba wannan kaɗai ba ne. Wayar kan zaɓo waƙa da kanta. Ina tsakiyar auna wa mace gero sai ya fara dariya a aljihuna. Sau biyu ina barin rumfa a buɗe.

Doose: To tsaya. Akwai masu dawo da abin da aka share. Memorin yana ina?

Sharfaddeen: A rediyon Hajiya. Na kai mai gyaran waya ya wanke shi, ya cika mata da karatu. Ya ma tambaye ni, ka tabbata babu abin da kake so a ciki? Na ce masa komai ya isa inda za shi.

Doose: Cika shi ya yi?

Sharfaddeen: Har baki. Ya ce in sabo ya hau, tsohon ko sawunsa ba a gani.

Doose: Abokinku Shima fa? Ai tare kuke zuwa gonar.

Sharfaddeen: Ya roƙe ni ranar jana'iza in tura masa. Na ce ya bari dangi su fara ji.

Doose: Yesu.

Sharfaddeen: Zan je wurin mai gyaran gobe da sassafe. Amma ba na so in yi miki ƙarya sau biyu.

Doose: Ba ƙarya ka yi ba.

Sharfaddeen: Sunayen suna nan a gabanki?

Doose: Suna nan. Kai ka sa musu?

Sharfaddeen: Ni ne. Shi ya ce rubutuna kamar tafiyar kaza. Karanto min, don Allah.

Doose: Ɗaya, ranar da ruwa ya kama mu a Kwandere. Biyu, yana tada kunya yana zagin garma. Uku, waƙar coci da ya ce ba zan musuluntar da ita ba. Huɗu, dariya kawai. Biyar... ba zan iya ba. Bakwai ɗin nan fa? Ka rubuta, na Mama.

Sharfaddeen: Wannan ba waƙa ba ce. Ranar da muka gama cire doya ya karɓi wayar, ya koma gindin mangwaro shi kaɗai. Ya ce in ajiye masa, sai Kirsimeti zai kunna mata, don shi in suna ido da ido bakinsa nauyi yake yi. Minti shida.

Doose: Me ya ce a ciki?

Sharfaddeen: Da yarenku na Tibi ya yi.

Doose: Amma ka saurara.

Sharfaddeen: Ya fi sau ɗari. Na san inda ya tsaya ya ja numfashi. Na san inda akuya ta katse shi ya kore ta. Akwai wurin da muryar ta yi ƙasa kamar ruwa na shiga yashi. Amma shekara tara muna tare, Anti, gaisuwa kawai na koya.

Doose: Ko kalma ɗaya ba ka kama ba?

Sharfaddeen: Ɗaya. Msugh. Wadda kuke godiya da ita. Ya faɗa sau uku, ta ƙarshen a hankali.

Doose: Godiyar me?

Sharfaddeen: Shi ne ban sani ba.

Doose: Tun safe na gaya mata yau za ta ji ɗanta. Ta yi wanka, ta ɗaura zanen coci. Ta aika a kira ƙannenta biyu, suna zaune a waje.

Sharfaddeen: Ba ni ita, ni zan faɗa mata.

Doose: Da wane yare? Ba ta jin Hausa.

Sharfaddeen: To ki ce mata...

Doose: Ga ta nan ta shigo. Ta jawo kujera kusa da kwamfutar.

Sharfaddeen: Anti Doose.

Doose: Tana tambaya ko in ƙara ƙarar, wai kunnenta ɗaya ba ya ji sosai.

Sharfaddeen: Anti? Halo? Anti Doose?