Hannu Biyu a Kan Keke

A bakin ƙofar filin jirgi aka jera su, tsohuwa da tsoho, kowa a keken guragu. Tsohuwar ta ƙare masa kallo.

"Malam, kai ma ajiye ka aka yi?"

"Ajiya kuwa, Hajiya. 'Yata ta tafi mayar da motar haya, wai kada in motsa. Da wannan gwiwar ina zan je?"

"Nawa ɗan ma can ya nufa."

"Ke me ya same ki?"

Ta duba hagu da dama. "Ƙafata ƙalau. Jiya ma ni na hau bene na yi shanya."

"Subhanallahi! Don ki tsallake layi?"

"Layin me? Yaron nan kullum kansa na cikin waya. Amma in yana tura ni, hannunsa biyu na kan keke. Daga nan har ƙofar jirgi, dole ya ji duk abin da na tara masa."

Tsohon ya ce, "Ni tawa ma'aikaci ta nemo ya tura ni."

"To, ka ce mata jijjiga ka yake yi. Ba ita ce can tafe ba? Fara nishi."