Jemagu sun bar ɗorawarmu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Ni ne Bukar, manomi daga wani ƙauye kusa da Kirikasamma.

Tun tasowarmu jemage iri biyu muka sani. Akwai birbiri, ɗan ƙarami baƙi, mai kwana a rufin zaure yana cin sauro. Akwai kuma babban, mai fuska kamar ta kare, wanda ke rataye a itatuwan fadama yana shan furen ɗorawa.

Da farin nan ya zo kogi bai malala ba, mutane suka sare itatuwan fadama suka sayar. Yunwa ta sa wasu suka riƙa kafa wa jemagu taru. Birbiri yana nan abinsa, amma babban ya ɓace.

Bana ɗorawarmu ta yi fure, ba ta yi 'ya'ya ba. Mahaifiyata kuwa da daddawa take riƙe da marayun ƙanena. Na je wurin malamin gona, Malam Yohanna, ya ce, "Bukar, jemagen nan shi ke yi wa furen barbara. In babu shi, babu kalwa." Na ce, "To yaya za a dawo da shi?" Ya ce shi ma bai sani ba.

Yanzu Inna ta kife tukunyarta. In akwai wanda ya taɓa ganin jemagu sun koma inda aka sare musu makwanci, don Allah ya rubuto. Ni dai ban sa rai ba.

A gaida 'yan'uwa na Miga.