Gwiwar Abdulnasir da Simintin Ridina

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando, Alhaji Gado, dattawan Ridina da baƙinmu na Bololo, iyayenmu mata, mahauta da dillalan shanu da ke riƙe da wannan ƙungiya, 'yan wasa da sauran jama'a, ina gaishe ku. Na gode da aka ba ni dama, ko da yake da an hana ni, da na fi samun sauƙi.

Ni ne Shu'aibu mai ɗori, shekara goma sha ɗaya ina ɗaure ƙafafun 'yan wasanku. Mun taru ne a yanke ko za mu ɗauki Abdulnasir bana, bayan ya shekara goma sha huɗu yana wasa a Turai. Duk wanda ya tashi ya ce a ɗauke shi. Ni na ce a'a.

Na farko, ba na musun gwanintarsa. Na ga lokacin da mahauta kan bar wa ƙuda nama su tafi kallonsa, har ni ma na taɓa barin mai karaya yana jirana.

Na biyu, fili. Can a kan katako yake gudu, katako kuwa yana karɓar nauyin mutum. Namu siminti ne, duk dirar da ka yi, gwiwarka yake mayar wa.

Na uku, jama'a, shi ne mai nauyi. Wata biyu da suka wuce ya zo gidana. Na taɓa gwiwarsa ta dama, na ji ƙashi yana gugar ƙashi. Ya ce, "Shu'aibu, tare muka yi allo. Ɗaure mini, ka yi shiru. Inna ba ta taɓa ganina a fili ba. Shekara ɗaya, kalas, shi ke nan." Na yi masa alkawari. Da la'asar ta yi, ya jawo kujera ya yi salla a zaune. Ranar Juma'a kuwa na gan shi cikin sahu yana sujada, yana cije leɓe, don kada ku gane.

Ubana ya yi ɗori shekara arba'in bai taɓa fitar da sirrin kowa ba. Ni yau na fitar, kuma ina jin kunya. Na san wasu ba za su ƙara nuna mini ciwonsu ba, ba zan ce ba su da gaskiya ba. Amma in kuka sa shi a simintin nan, wasa biyar ba zai kai ba, sauran rayuwarsa da sanda zai yi ta. Ku za ku samu wani ɗan wasa. Shi ba zai samu wata ƙafa ba.

Allah ya yi wa wannan taro albarka, ya sa mu yanke abin da ba za mu yi kuka da shi ba, ya mai da kowa gida lafiya. Abdulnasir, ɗan'uwana, na ga ka miƙe za ka fita. Allah ya sa ka yafe mini. In ba ka yafe ba, Allah ya sa ka daɗe kana ƙina a tsaye da ƙafafunka.

Na gode.