Ƙane Ɗan Shekara Ɗaya

A kasuwar birnin Kartaj, zamanin da ake jefa wa zakuna Kiristoci, wata tsohuwa ta tsaya gaban mai gurasa.

"Zuba min, ɗana. Yau ranar haihuwar ƙanena ce."

"Shekara nawa ya cika, Inna?"

"Ɗaya." Ta toshe baki, ta waiwaya.

"Da furfurar nan? Ashe ku ne masu kiran ranar kisa ranar haihuwa, kuna cin abinci a bakin kabari."

"Bar gurasar. Ruɗin tsufa ne."

"Rage murya, ga soja can. Ƙanen naki ya ƙi ƙona wa gumaka turare ne?"

"Har bakin zaki bai musanta Almasihu ba. Ranar aka haife shi a sama."

Ya ƙara mata gurasa.

"Tafi da wannan. Matata ma ranar aka haife ta."